Zif Ɗin Da Ban Ja Ba

Orrin Beal ya yi shekara talatin da huɗu yana rarraba wasiƙu a garinmu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce yana da daɗin sha'ani ba. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da idan ka manna kan sarki a karkace sai ya tsaya a ƙofar gidanka ya faɗa maka. Dogo ne siriri, mai manyan kunnuwa da suke yin ja idan ransa ya ɓaci, kuma ransa ba ya wuyar ɓaci. Ni ce na yi shekara tara ina tuƙi kusa da shi a teku, ni ce kuma na cuce shi. Don haka idan za a ba da labarinsa, gara ya fito daga bakina.

A wannan gaɓa tamu ta jihar Maine kowa da abin da ya haɗa shi da teku, amma da manyan jirage masu inji. Orrin da abokinsa Lyman Crowley su ne suka fara shiga da siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya, wanda kake zama a cikinsa ruwa na daidai ƙugunka. Masunta suka yi ta yi musu dariya, suna cewa ga masu akwatin gawa da filafili nan sun fito. Su biyun suka kafa ƙungiyarmu ta masu tuƙi, tun ina 'yar makaranta.

Lyman ya mutu a wata ranar Mayu mai kyawun rana. Ya fita shi kaɗai da 'yar riga mai gajeren hannu, don iska da ɗumi. Ya kife a wurin da mai tsaye a gaɓa zai iya jin kiransa, kuma gwani ne a iyo. Amma ruwanmu a Mayu bai san an shiga bazara ba, sanyinsa na ƙanƙarar da ta narke jiya ne. Kafin minti goma hannuwansa sun daina jin maganarsa. Orrin yana kan aiki a ranar. Ya saka wasiƙa a akwatin gidan Lyman da hantsi, bai san abokinsa yana cikin ruwa ba.

Daga nan ne dokoki suka shigo, kuma duk shi ya rubuta su. Ba mai shiga teku da mu sai da rigar ruwa, wadda take rufe mutum daga wuya har tafin ƙafa, da roba a wuya da wuyan hannu, ko ɗigo ba ya shiga. Tana da babban zif a ƙirji. Ta maza tana da wani ƙarami a ƙasa, don kada sai mutum ya tuɓe gaba ɗaya kafin ya yi fitsari. Rigar nan ita ce ranka, amma idan zif ɗaya ya zauna a buɗe, ta zama buhun ɗibar ruwa. Shi ya sa Orrin ya kafa jan zif. Kafin a shiga ruwa, kowa da abokinsa, a tsaya fuska da fuska. Ba da ido ake dubawa ba. Ka kama zif ɗin abokinka da hannunka, ka ja har ya tsaya, babba da ƙarami, sannan ka ce "a rufe" yadda kowa zai ji. Da safe a yi, bayan cin abincin rana a sake. Wanda ya ƙi a ja masa, ya bar ƙungiya.

Ba sai na faɗa muku irin barkwancin da wannan al'ada ta haifar ba. Bev Thibodeau, sakatariyarmu, mace mai bakin da ba ya hutu, takan ce a duk faɗin Maine nan ne kawai matar aure za ta taɓa zif ɗin mijin wata a gaban jama'a a ce mata sannu da aiki. Kowa ya yi dariya ban da Orrin.

Na shiga ƙungiyar ina da shekara arba'in da ɗaya, aurena ya mutu, ina neman abin da zai fitar da ni daga gida ranar Asabar. Na zo a Asabar ɗin farko ta Mayu, ranar da Orrin yake tara sababbi ya tura su cikin ruwa da ƙafa har wuya, su yi minti uku. Na dubi rana, na dubi rigar da aka ara mini mai warin roba.

"Malam, yau fa da zafi," na ce. "Ba za a dafa mutum a cikin wannan abin ba?"

"Sunanki?"

"Noreen."

"Noreen, rana ƙarya take miki. Je ki tambayi ruwan."

Na shiga. Da na fito ya miƙo mini igiya ya ce in ƙulla. Yatsuna suka ƙi, sai ka ce na aro su ne daga wani. Ya tsaya yana kallona har na gaji na jefar da igiyar.

"To, wannan da riga ke nan," ya ce. "Ki tuna."

Na tsane shi a ranar, na kuma dawo Asabar ta gaba. Ban san yadda aka yi na zama abokiyar jan zif ɗinsa ba, ina jin sauran ne suka gudu suka bar ni da shi. Ya koya mini karanta cikar teku da janyewarta, da yadda ake gane tsibiri a cikin hazo da ƙarar ruwa a kan duwatsu. Ya koya mini juyi, wato idan ka kife ka murɗa jiki da filafili ka miƙe ba tare da ka fita daga kwale-kwalen ba. Na yi bazara biyu ina shan ruwan gishiri kafin na iya. Ranar da na miƙe karo na farko, ina haki ina jiran yabo, sai ya ce, "Ba laifi. Kanki ya riga fitowa." A rumfar gidansa nake ajiye kwale-kwalena. Duk lokacin da na zo ɗauka sai in tarar an gyara wani abu, igiya sabuwa ko tsaga da aka liƙe, kuma idan na yi godiya sai ya yi kamar bai ji ba. Matarsa ta rasu da jimawa, ba su haihu ba. Ban taɓa ce masa na ɗauke shi uba ba, don da na faɗa da sai ya tambaye ni ko na duba hasashen iska.

Aikina a gidan kula da tsofaffi ne, shekara ashirin. Wannan ya shiga labarin, don a can na koyi abin da nake taƙama da shi: kau da kai. Idan tsoho ya jiƙa wandonsa, ba ka kallon wandon. Ka dubi taga, ka yi zancen yanayi, ka sauya masa kaya kamar ba abin da ya faru. Na iya wannan fiye da kowa a wurin aikinmu, har ana turo sababbin ma'aikata su koya a wurina. Ina ganin kaina mai tausayi ce, mai sanin darajar manya.

Don haka ni na fara lura da Orrin, a shekarar da ya cika saba'in da uku. Ya daina shan kofi da safe, shi da ba ya rabuwa da filas. Tafiyar da a da muke yi a miƙe, yanzu sai ya ce a tsaya a wani tsibiri zai duba wani abu, ya zagaya bayan duwatsu ya dawo. Na san ciwon, na ga irinsa a maza ɗari. Na kuma san mutum irin Orrin ya gwammace a ce ya yi sata da a ce ya kasa riƙe fitsari. Sai na yi abin da na iya. Na kau da kai.

Asabar ta uku a watan Mayu muka tafi Tsibirin Tumaki, mu takwas. Rana ta fito tas. Muka sauka muka ci abinci a kan duwatsu, burodi da kifin gwangwani, Bev ta raba wainar da ta toya. Kafin mu gama Orrin ya zagaya bayan dutse sau biyu. Da ya miƙe karo na uku, mutane har sun fara tsayawa bibbiyu don jan zif, sai Bev ta ɗaga murya.

"Kyaftin, wai zinariya ka binne a bayan dutsen nan ne? Ka faɗa mana mu taya ka tono!"

Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ta faɗa ba, haka bakinta yake. Amma na ga kunnuwansa sun yi ja tun daga baya. Ya dawo da sauri, yana gyara rigar cetonsa, ya tsaya a gabana. Kowa ya gama nasa, duk suna jiranmu, murmushin bai bar fuskokinsu ba.

Na ja babban zif na ƙirjinsa, ya tsaya. Saura ƙaramin. Akwai wani siket na roba da muke ɗaurawa a ƙugu don rufe bakin kwale-kwale, shi ne yake saukowa ya rufe wurin, sai ka ɗaga shi kafin ka kai ga zif ɗin. Na yi wannan sau ɗaruruwa ban ji komai ba. Amma a ranar, da dariyar nan a iska, sai na ga kamar idan na ɗaga siket ɗin ina ce wa kowa ne, ku duba, ga tsoho mai yoyo. Na dubi fuskarsa. Shi yana kallon teku, haƙoransa a cije. Sai na taɓa gefen siket ɗin da yatsa biyu, na janye hannuna.

"A rufe," na ce, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Shi kuwa ya ja nawa har ƙarshe, kamar kullum.

Tsakanin tsibirin da gida akwai mashigi mai faɗin mil biyu. Muna tsakiyarsa iska ta juya ta fuskanci ruwan da ke janyewa, teku ta tashi tsaye, gajerun raƙuman ruwa masu mari ta kowane gefe. Ba wani abin tsoro ba ne, mun sha ganin wanda ya fi shi. Wata mata da ta shigo ƙungiyar a bara ta fara tangaɗi, Orrin ya juya zai matsa kusa da ita, sai wani raƙumi ya same shi ta gefe ya kifar da shi. Na tsaya ina jiran ya miƙe. Ya gwada juyi, kafaɗarsa ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Sai ya fita daga kwale-kwalen ya ɗago kai.

Har a lokacin ba wanda ya damu. Wannan mutumin ya faɗa ruwan nan da gangan ya fi sau dubu don ya koya mana. Na matsa, na jawo kwale-kwalensa na zubar da ruwan, na jera shi da nawa na rungume shi da ƙarfi, duk yadda ya koya mini.

"Hau, tsoho," na ce, har da 'yar dariya. "Yau ni zan ba ka maki."

Ya kama, ya yunƙura, ya koma. Ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba.

"Ruwa na shiga," ya ce.

Ban tambaye shi ta ina ba. Na riga na sani.

Rigar ta cika tun daga ƙafa har ƙugu. A cikin ruwa ba ta da nauyi, amma da zarar ya ɗago jikinsa sai ya zama kamar an ɗaura masa buhun masara a kowace ƙafa. Muka gwada sau uku. Mutum biyu suka zo suka kama shi ta kafaɗa, muka samu ƙirjinsa ya hau, ƙafafun suka ƙi. Raƙuman ruwa suna ta raba mu suna haɗa mu. Yana ba mu umarni da farko, ku sa igiya, ku juya hanci ga iska. Daga baya maganar ta fara lauyewa kamar ta mashayi. Na ga yatsunsa suna zamewa daga igiyar kwale-kwalen ɗaya bayan ɗaya, yana kallonsu. Na kama wuyan rigar cetonsa da hannu biyu ina ta kiran sunansa. Bev ce ta ciro oba-oba ta yi kiran neman agaji, muryarta ba wasa a cikinta ko kaɗan.

Wani jirgin masu kamun lobsta, wani irin ƙaton jatan lande, ya ji, ya iso bayan kamar minti ashirin. Maza biyu ƙarfafa suka jawo shi da ƙyar, ɗaya ya sa wuƙa ya farke ƙafafun rigar, ruwa ya kwarara a daɓen jirgin. Suka kwantar da shi, siket ɗin ya ɗage. Ƙaramin zif yana nan a buɗe, rabi. Na gani daga inda nake, masuntan ma sun gani. Kafin rana ta faɗi duk garin ya ji.

Ya kwana biyu a asibiti, ya rayu. Na je na tsaya a ƙofar ɗakin, na ga yana barci, na gode wa Allah da yake barcin, na juya.

Muna da wata al'ada, ita ma tasa ce. Duk lokacin da aka samu tsautsayi, sai a taru a ɗakin taro na 'yan kwana-kwana, a zauna a faɗi abin da ya faru dalla-dalla, don a koya. Aka taru bayan mako biyu. Orrin ya zo da kwat, ya rame, ya zauna a gaba. Aka bi labarin tun daga iska har zuwan jirgi. Sai Bev, tana riƙe da biro, ta yi tambayar da kowa ya san tana zuwa.

"A tsibiri, wa ya ja wa Orrin?"

Kowa ya san amsar. Na buɗe bakina, wallahi na buɗe shi, amma kafin wani abu ya fito Orrin ya miƙe.

"Noreen ta miƙo hannu, ni na ture," ya ce. "Na ce mata na riga na duba. Ta yarda da ni, kuskurenta ke nan, kuma ƙarami ne. Wanda ya ƙi a ja masa ya bar ƙungiya. Ni na rubuta dokar, ba sai an karanta mini ba."

Ɗakin ya rikice. Haba Orrin, haba Kyaftin, wa zai kore ka, ai kowa na kuskure. Bev har ta yi hawaye. Shi dai ya ajiye mabuɗin rumfar ƙungiya a kan tebur, ya ɗauki hularsa. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Kalma biyar kawai ake bukata daga gare ni: ƙarya ce, ban duba ba. Na zauna ina kallon takalmana har ƙofa ta rufe.

Abin bai tsaya nan ba. A zaman nan aka ce wa zai riƙa koyar da sababbi, aka ce ai Noreen ce ɗalibarsa, ita ce ta riƙe shi a ruwa minti ashirin. Aka tafa mini. Na karɓa.

Bazara biyu na yi a haka. Ina tsayawa a bakin ruwa ina tura mutane cikin sanyi, ina miƙa musu igiya, ina faɗa musu rana ƙarya take yi. Na je na ɗauke kwale-kwalena daga rumfarsa ranar da na san ya tafi ganin likita. Idan na hango motarsa a kanti, sai in tuna ina da wani aiki a wani wuri. Garinmu kuwa ba ya mantuwa, musamman ga mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa kowa kuskure. Tsofaffin masunta da ke zama a kantin suna ganinsa sai su ce, "Orrin, ka rufe shago kuwa yau?" Ya daina zuwa kantin da safe. Amma ranar Asabar, idan muna shirin shiga ruwa, nakan ga motarsa can nesa a ƙarshen titi, yana zaune a ciki. Ba ya fitowa. Nakan juya masa baya in ci gaba da ɗaure kayana.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a bazara ta biyu. Wani sabon shiga, malamin makaranta mai yawan tambaya, ya ce mini a gaban mutane, "Wai da gaske ne akwai wani tsoho mai girman kai da ya ƙi a duba shi ya kusa mutuwa?"

Na ce, "E, haka aka yi."

Na koma gida na kasa cin abinci. Ba wanda ya tilasta mini, ba dariyar kowa a iska, ba gaggawa. Na sayar da shi a karo na biyu don kawai ya fi sauƙi.

Duk da haka sai da ganye ya zube kafin na je. Na same shi a bayan gida yana jera itacen hunturu, da hannun hagu kawai. Kwale-kwalensa yana rataye a rumfa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Ya dube ni ya ci gaba da aikinsa.

"Kin zo ɗaukar wani abu ne? Ai kin kwashe komai."

"Orrin, ban duba ba," na ce. "Ba ka ture hannuna ba. Siket ɗin kawai na taɓa."

"Na sani. Ai ina wurin."

"To me ya sa ka faɗi abin da ka faɗa?"

Ya ajiye itacen, ya zauna a kan kututture. Ya daɗe yana murza kafaɗarsa.

"Na ga lokacin da kika janye hannu," ya ce. "Kin san abin da na ji? Daɗi. Har godiya na yi miki a raina. Na ce yarinyar nan ta rufa mini asiri. Shekara ashirin da shida ina tsawata wa mutane a kan abu ɗaya, ranar da ya zo kaina na zaɓi kada a yi mini dariya. Ban san ko a rufe yake ba, ban kuma kai hannu na taɓa ba, don kada a ga na taɓa. Don haka ƙaryar da na yi ba ta da nisa da gaskiya. Da kin ɗaga siket ɗin, ina jin da na ture."

"Da ka ture da na ja duk da haka. Aikina ke nan."

"E. Aikinki ke nan."

Bai sassauta mini ba, kuma ban so ya sassauta ba. Na ce zan faɗa wa ƙungiya, su mayar masa da mabuɗinsa, ya dawo ruwa. Sai ya ɗaga hannun damansa, ya tsaya daidai ƙirji, ya ƙi wucewa.

"Iyakarsa ke nan," ya ce. "Likita ya ce da na ci gaba da motsa shi da bai daskare haka ba. Da bara kika zo, wataƙila. Ki faɗa musu, amma ba don ni ba. Don wata mai kirki irinki da za ta zo nan gaba."

Ya faɗe shi ne kamar yana faɗin lokacin cikar teku. Bazara biyun da na yi ina kallon takalmana, su ne biyun da suka rage masa.

Na faɗa musu a taron hunturu, a tsaye, ban rage komai ba, har da maganar malamin makaranta.  Bev ta ajiye bironta ta dube ni.

"Shekara biyu, Noreen?"

Abin da ta ce ke nan. Daga baya a waje ta kama hannuna ta ce ita ma bakinta ne ya fara jawo abin, ta yi wata biyu ba ta iya tsokanar kowa. Ba su cire ni ba. Na so a ce sun cire ni, da ya fi mini sauƙi.

Asabar ɗin farko ta Mayu ta zagayo. Sababbi goma sha ɗaya suna tsaye a bakin ruwa cikin rigunan aro, suna ƙorafin zafi. Ina cikin raba su bibbiyu sai na ji an rufe ƙofar mota. Orrin ne yake saukowa a hankali, sanye da tsohuwar rigarsa, an liƙe ƙafafun da wuƙa ta farke da baƙin faci. Har siket ya ɗaura, shi da ba kwale-kwalen da zai shiga. Tsofaffin 'yan ƙungiya suka yi cirko-cirko. Ya zo ya shiga layi a ƙarshe, kusa da malamin makarantar nan, wanda bai san ko wane ne ba.

"Ba ni da aboki," ya ce. "Wa zai ja mini?"

Na je na tsaya a gabansa. Kunnuwansa sun yi ja, fuskata ma tana zafi. Na ja babban, ya tsaya. Na kama siket ɗin na ɗaga shi sama sosai, a gaban kowa. Ƙaramin zif ɗin bai kai ƙarshe ba, saura kamar faɗin yatsa biyu.

"A buɗe yake, Orrin," na ce, kuma ban rage murya ba.

"To me kike jira?"

Na kama na ja har ya tsaya.

"A rufe."

"Ba laifi," ya ce.

Ya shiga ruwan tare da sababbin, har wuya, ya yi minti ukunsa yana kallon agogo, ya fito ya miƙa musu igiya da hannun hagu. Bai sake hawa kwale-kwale ba. Ya zo Mayu biyu bayan wannan, na uku bai kai ba.

Yanzu ni nake ba sababbi labarin, da sunana a ciki, kafin in bar kowa ya taɓa ruwa. Wani lokaci sukan tambaye ni ko da gangan ya bar zif ɗin a buɗe a ranar don ya gwada ni, ko kuwa mantawa ya sake yi. Ban sani ba. Na yi niyyar tambayarsa sau da yawa, sai in ga ba amsar da za ta canja abin da ya kamata hannuna ya yi.